WA ZAI BIYA KUƊIN GYARAN TSOFAFFIN MAJAMI'U?

Ran Asabar, 7 ga watan Disamba, 2024, aka sake buɗe babbar majami'ar nan ta birnin Faris wadda a ke kira Notre-Dame, bayan ta yi shekara biyar da 'yan watanni a rufe saboda gobara. Shugabannin ƙasashe sun hallara, an buga ƙararrawa, Faransawa sun yi murna, kuma sun cancanci su yi. Amma tun ba a watse daga bikin ba masu lura da sha'anin gine-ginen tarihi su ke ta tambaya, to, sauran fa? Gama a ƙasar Faransa akwai majami'u wajen 40,000 a hannun ƙananan hukumomi, a Ingila kuwa akwai wajen 16,000 na Ikilisiyar Ingila kaɗai, kuma da yawa daga cikinsu suna yoyo, ba wanda ya ji labarinsu. Abin da za mu duba a nan shi ne inda kuɗin gyaran irin waɗannan gine-gine ke fitowa, da yadda a ke nemansa, da dalilin da ya sa ya kan zo a makare.

Watakila mai karatu ya ce, ina ruwan Gwamnati da ɗakin ibadar wasu? Amsar ita ce, a yawancin ƙauyukan Turai majami'a ita ce gini mafi tsufa a gari. Wata ta shekara ɗari bakwai, wata ta haura dubu. A cikinta a ke samun kaburburan mutanen da, da sunayen waɗanda suka mutu a yaƙi, da sassaƙa da zane irin waɗanda ba a iya yi yanzu sai da wahala. Saboda haka har wanda bai taɓa shiga don yin ibada ba ya kan ɗauke ta tamkar littafin tarihin garinsu. Ga shi kuwa masu zuwa ibada sai raguwa su ke yi, ginin kuwa sai ƙara tsufa. Nan ne wuyar ta ke.

GOBARAR FARIS

An aza harsashin Notre-Dame a shekarar 1163. Ran Litinin da yamma, 15 ga watan Afrilu, 2019, wuta ta kama rufinta, ta cinye katakon da ke ɗauke da shi tun ƙarni na 13, ta narkar da darmar da aka lulluɓe shi da ita, sa'an nan doguwar hasumiyar nan mai tsini da aka gama a 1859 ta faɗi mutane suna kallo. Kafin kwana biyu attajirai sun fara alkawari. Gidan Pinault suka ce za su ba da Yuro miliyan 100, gidan Arnault miliyan 200, gidan Bettencourt tare da kamfanin L'Oréal miliyan 200, kamfanin mai na Total miliyan 100. Talakawa ma ba a bar su a baya ba. Da aka rufe lissafi, an tara Yuro miliyan 846 daga hannun mutum wajen 340,000 na ƙasashe 150. Shugaba Macron ya ce za a gama aikin cikin shekara biyar, aka sa ma'aikata wajen 2,000, aka kashe kimanin miliyan 700, har aka sami rarar wajen miliyan 140 wadda aka ajiye don gyaran bangon waje.

To, ga abin lura. Kafin gobarar, wannan majami'a ɗin dai ta daɗe tana neman gyara. Duwatsun bangonta suna zaizayewa, darmar hasumiyar ta tsattsage, ruwa yana shiga katako. Masana sun ƙiyasta aikin zai ci fiye da Yuro miliyan 100, alhali kuwa abin da Gwamnati ke ba ta a shekara bai wuce wajen miliyan 2 ba. Har ta kai masu kula da ita sun kafa ƙungiya a Amurka suna roƙon gudummawa, kuɗin yana shigowa kaɗan-kaɗan. Watau abin da aka yi shekaru ana roƙo ba a samu ba, wuta ta tara ninkinsa cikin 'yan kwanaki. Haka halin ɗan Adam ya ke: ya kan buɗe aljihu in ya ga harshen wuta, amma ɗigon ruwa daga rufi ba ya motsa zuciyar kowa. Ga shi kuwa ɗigon nan ya fi gobara kashe gine-gine nesa ba kusa ba.

DOKAR 1905 DA MAGAJIN GARI

Don a gane inda nauyin ya ke a Faransa sai an koma ga dokar 9 ga Disamba, 1905, wadda ta raba sha'anin mulki da na addini. Bisa ga wannan doka da waɗanda suka biyo bayanta, majami'un Katolika da aka gina kafin shekarar nan suka zauna a hannun hukuma, su kuwa mabiya suna yin ibada a ciki kyauta. Manyan majami'u 87, har da Notre-Dame, na Gwamnatin ƙasa ne. Sauran kuwa na ƙananan hukumomi ne. Faransa tana da ƙananan hukumomi kusan 35,000, kuma wajen rabinsu mutanen cikinsu ba su kai 500 ba.

Ku dubi halin magajin gari a irin wannan ƙauye. Ɗan harajin da ya ke tarawa shi ne na hanya, shi ne na makaranta, shi ne na ruwan sha. In rufin majami'a ya lalace, kuɗin gyaransa ya kan fi abin da garin ke samu a shekara ɗungum. Idan an riga an shigar da ginin cikin rajistar gine-ginen tarihi, Gwamnati ta kan ɗauki wani kashi na kuɗin, ko da ya ke ga gini mai daraja ta biyu doka ta ce kada kason ya wuce 40 cikin ɗari. Amma ɗakunan ibada da ke cikin rajistar wajen 15,000 ne kurum. Sauran sai abin da magajin gari ya roƙo daga hukumar lardi ko ta jiha, ko daga masu alheri. A watan Yuli, 2022, wani rahoton Majalisar Dattawan Faransa ya yi gargaɗi cewa tsakanin majami'u 2,500 da 5,000 suna cikin haɗarin a yi watsi da su, ko a sayar, ko a rushe, kafin shekarar 2030.

An gwada dabaru. A 2018 aka fara wata caca ta hukuma, mutum ya sayi tikiti a Yuro 15, a ware wani abu daga ciki don gyaran tsofaffin gine-gine. Wani sanannen mai gabatar da shirye-shiryen tarihi, Stéphane Bern, shi aka ɗora wa zaɓen wuraren da za a taimaka. Cacar ta kan kawo sama da Yuro miliyan 20 a shekara, amma ba majami'u kaɗai ke cin moriyarta ba, akwai fadoji da gadoji da tsofaffin masana'antu. A watan Satumba, 2023, kuma Shugaba Macron ya buɗe asusun ƙasa don ɗakunan ibada na garuruwan da mutanensu ba su kai 10,000 ba. Aka sa burin tara Yuro miliyan 200 cikin shekara huɗu, aka kuma yi wa masu bayarwa irin rangwamen da aka yi lokacin Notre-Dame, watau in mutum ya ba da abin da bai wuce Yuro 1,000 ba, a cire masa 75 cikin ɗari na kyautar daga harajinsa. Duk da haka abin da aka tara a shekarar farko bai kai kashi ɗaya cikin goma na burin ba. Rangwame iri ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce, abin da ya bambanta kurum shi ne wannan karon babu wuta.

Ganin haka, a watan Oktoba, 2024, Rachida Dati, wadda ke riƙe da Ma'aikatar Al'adu a lokacin, ta kawo shawara a riƙa karɓar Yuro 5 daga kowane ɗan yawon buɗe ido da ya shiga Notre-Dame. Ta ce hakan zai tara miliyan 75 a shekara, a raba wa majami'un Faransa. Shugabannin Katolika na Faris suka ƙi. Hujjarsu ita ce ɗakin ibada na kowa ne, kuma ba mai iya tsayawa a bakin ƙofa ya rarrabe wanda ya zo kallo da wanda ya zo addu'a. Ita ma dokar 1905 ta hana karɓar kuɗin shiga. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma gardamar ba ta toshe ko da rufi ɗaya ba.

A INGILA NAUYIN YANA KAN 'YAN ƘAUYE

A Ingila sha'anin dabam ne. Ko da ya ke Sarki shi ne shugaban Ikilisiyar Ingila, Gwamnati ba ita ke da gine-ginen ba, kuma ba a karɓar harajin addini. Nauyin kowace majami'a yana wuyan majalisar ikilisiyar wurin, watau 'yan sa kai waɗanda ba a biyansu ko kwabo. Daga cikin majami'un nan 16,000, fiye da 12,000 suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, kuma kusan rabin gine-gine masu daraja ta ɗaya a Ingila duka majami'u ne. Saboda haka sai ka tarar tsofaffi goma sha biyu ko ashirin su ke riƙe da ginin da ya girmi kakannin kakanninsu, doka kuma ta ce ba su da ikon gyara shi da kowane irin kaya sai wanda ya dace da asalinsa.

Ingilishi sun daɗe da gane haɗarin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka ga yadda shekarun yaƙi suka bar gine-gine ba gyara, aka kafa asusun kiyaye majami'un tarihi a 1953, wanda tun 2007 a ke kira National Churches Trust. A 1955 Ikilisiya ta yi doka cewa tilas masanin gini ya duba kowace majami'a sau ɗaya cikin shekara biyar, ya rubuta rahoto. A 1969 aka kafa wata hukuma mai karɓar waɗanda aka daina ibada a cikinsu amma sun fi ƙarfin a rushe, tana riƙe da fiye da 350. Gwamnati kuwa ba ta fara sa hannu a aljihu don majami'un da a ke amfani da su ba sai a 1977. Da aka fara cacar ƙasa a 1994, asusun tarihi da ke cin rabonta ya zama babbar rijiyar da kowa ke ɗiba. A 2017 asusun ya rufe ƙofar da ya keɓe wa ɗakunan ibada, ya ce su yi takara tare da kowa, sa'an nan a 2024 ya sanar zai kashe musu fam miliyan 100 cikin shekara uku. Akwai kuma ikilisiyoyin da ba su karɓar kuɗin caca ko kaɗan saboda aƙidarsu, su wannan rijiya ba ta amfane su ba.

Abin da ya fi ta da ƙura a 'yan shekarun nan shi ne maganar haraji. A Ingila duk wanda ya yi gyaran gini ya kan biya harajin saye, 20 cikin ɗari, bisa kayan aiki da ladan magina. A 2001, lokacin da Gordon Brown ke Ministan Kuɗi, aka fito da shirin mayar wa ɗakunan ibada na cikin rajista wannan haraji, ko majami'a ce, ko masallaci, ko ɗakin ibadar Yahudawa. Shirin ya yi farin jini domin ba ya bukatar takara: ka yi aiki, ka kawo rasit, a mayar maka. Amma a watan Janairu, 2025, Gwamnati ta sanar da cewa ta ƙara masa wa'adi zuwa ƙarshen Maris, 2026, kurum, ta rage kuɗinsa daga fam miliyan 42 zuwa miliyan 23, ta kuma sa iyaka: kada gini ɗaya ya karɓi fiye da fam 25,000 a shekara.

Gwamnati ta ce yawancin masu nema dama ba su kai wannan iyaka ba, kuma haka ne. Amma bari mu yi lissafi irin na 'yan makaranta. Harajin fam 25,000 na aikin fam 125,000 ne. Majami'ar da za ta sake rufi baki ɗaya a kan fam miliyan ɗaya, harajinta fam 200,000 ne. In an mayar mata da 25,000, saura 175,000 sai ta nemo. Watau iyakar ta fi cutar waɗanda ciwonsu ya fi tsanani, kuma akwai waɗanda sanarwar ta same su sun riga sun sa hannu a takardar kwangila. Ita dai National Churches Trust ta ce majami'u fiye da 3,500 aka rufe a Birtaniya cikin shekara goma daga 2013.

YADDA A KE NEMAN TAIMAKO

Wanda bai taɓa yi ba ya kan zaci neman gudummawa takarda ɗaya ce a rubuta a aika. Ba haka ba ne. Ga abubuwan da masu asusu su kan bukata, ko a Ingila ko a Faransa.

Na farko, rahoton masanin gini mai takardar shaida, wanda zai faɗi abin da ya lalace, da wanda ya fi gaggawa, da kimanin kuɗinsa. Shi kansa rahoton sai an biya. Na biyu, izni daga hukumar da ke kula da gine-ginen tarihi, domin ba a yarda a shafa siminti inda magabata suka yi aiki da farar ƙasa ba, tun da siminti ya kan riƙe danshi a cikin bango ya ɓata dutse. Na uku, farashi daga hannun 'yan kwangila biyu ko uku don a gwada. Na huɗu, shaidar cewa masu nema su ma sun tara nasu. Ba safai asusu ɗaya ke biyan aiki duka ba, akwai ma waɗanda ba su duba takardarka sai ka nuna rabin kuɗin yana hannu. Saboda haka aiki ɗaya ya kan haɗa asusu biyar ko goma, kowanne da irin takardarsa da ranar rufe karɓa. Na biyar, alkawarin cewa za a riƙa buɗe ginin ga jama'a, ba ranar Lahadi kaɗai ba. Na shida, kada a fara aiki sai amsa ta zo, gama yawancin masu asusu ba su biyan abin da aka riga aka yi.

Sharaɗi na biyar ɗin nan ya sauya kamannin majami'u da yawa. Masu ba da kuɗi suna so su ga amfanin da gari duka zai samu, shi ya sa a yau a ke samun majami'ar ƙauye da gidan waya a wani lungu, ko ɗakin karatu, ko wurin raba abinci ga mabukata. Wasu mabiya ba su jin daɗin haka, suna ganin an mai da ɗakin Allah kasuwa. Wasu kuwa suka ce ginin da a ke shiga kullum shi a ke saurin ganin tsagarsa, kuma ɓarayin darmar rufi sun fi son inda ba kowa. Satar darma kuwa ba ƙaramar annoba ba ce a can, har sai da aka yi doka a 2013 mai tsananta wa masu sayen tsohon ƙarfe, aka hana su biya da tsabar kuɗi.

Amma akwai wani aibi a wannan tsari wanda ba a cika faɗa ba. Cika waɗannan takardu aiki ne na mai ilmi da sarari. Ikilisiyar da ke unguwar masu hali, wadda ke da tsohon akanta ko tsohon lauya cikin dattawanta, ita ke iya bin takardu shekara biyu ko uku har ta dace. Ta ƙauyen da samari suka gudu, ko ta unguwar matalauta, ba ta da mai yi mata. Ta haka kuɗin ya kan bi inda aka iya rubutu, ya bar inda rufi ya fi lalacewa. Kuma muddin ana jiran amsa, ruwa bai daina zuba ba, farashin kaya bai daina hawa ba.

INDARARO KAFIN RUFI

Duk maginin da ka tambaya zai gaya maka yadda tsohon gini ke mutuwa. Ganye ya toshe indararo, ko falle ɗaya na rufi ya zame. Ruwa ya sami hanya, ya jiƙa katako. Katako ya ruɓe, ƙwari su shiga. Bayan shekara goma abin da mutum ɗaya da tsani zai gyara cikin yini guda ya zama aikin miliyoyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin mamaki, an daɗe a Turai tsarin ba da taimako yana tafiya a juye: akwai asusun sake rufin da ya ruɓe, amma da wuya a sami na share indararo, domin ba wanda a ke gayyata bikin buɗe indararo, ba kuma inda za a kafa allon sunan mai kyauta.

A Ingila wani kwamiti da Gwamnati ta naɗa a ƙarƙashin Bernard Taylor ya faɗi haka a rahotonsa na Disamba, 2017. Aka gwada shawararsa daga 2018 zuwa 2020 a yankin Manchester da lardin Suffolk da fam miliyan 1.8. Aka ɗauki ma'aikata masu zagayawa, wasu suna koya wa 'yan sa kai yadda a ke duba gini da tsara gyaransa, wasu suna taya su neman kuɗi da jawo jama'ar gari, aka kuma ware ɗan asusu na ƙananan gyare-gyare. Wannan ya taɓa ciwon guda biyu a lokaci ɗaya, watau rashin mai rubutu da rashin mai hawa tsani.

Mutanen Holan sun riga kowa a wannan hanya. Tun 1973 su ke da wata ƙungiya mai suna Monumentenwacht, ma'anarta masu gadin gine-ginen tarihi. Mai tsohon gini ya kan biya ɗan kuɗin shiga, su kuwa su zo da motarsu da tsaninsu loto-loto, su hau rufi, su mayar da fallen da ya zame nan take, su bar masa rahoton abin da ya kamata ya yi kafin su dawo. A Jamus kuma akwai misalin babbar majami'ar birnin Kolon, wadda aka fara a 1248 aka gama a 1880. Tun 1842 mutanen gari suka kafa ƙungiyar tara mata kuɗi, har yau ita ke ɗaukar kaso mafi girma na gyaranta, kuma majami'ar tana da maginanta na dindindin waɗanda ba su da wani aiki sai ita. Jamusawa suna da harajin ikilisiya, wanda duk mai rajista a cikinta ke biya, 8 ko 9 cikin ɗari na harajin albashinsa. Sai dai wannan ma ba abin dogara ba ne har abada, gama a 2022 kaɗai mutum fiye da 500,000 suka fita daga rajistar Katolika a ƙasar.

ABIN DA YA KAMATA A YI

In an tattara waɗannan duka, abu uku ne ke fitowa fili. Na ɗaya, kuɗi kaɗan mai zuwa kowace shekara ba fashi ya fi amfani bisa kuɗi mai yawa mai zuwa sau ɗaya. Gyaran tsohon gini ya kan ɗauki shekaru ana shiri, saboda haka shirin da a ke sabunta wa wa'adi shekara ɗaya-ɗaya ba ya barin kowa ya yi tsari. Na biyu, ya kamata kowane asusu ya ware wani kashi don biyan mutanen da za su taimaki raunana wajen nema, in ba haka ba mai ƙarfi zai ci gaba da cinye rabon marar ƙarfi ba da nufi ba. Na uku, ba za a iya ceton gine-ginen duka ba, kuma gara a faɗi gaskiya tun da wuri. In an ƙidaya su, an san halin kowanne, sai a zaɓi wanda za a riƙe don ibada, da wanda za a haɗa shi da wani aikin jama'a, da wanda za a miƙa wa masu kula da tarihi. In ba a zaɓa ba, damina ce za ta yi zaɓen, ita kuwa ba ta san mai daraja ba.

Su ma masu ginin akwai nasu. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ikilisiyar da ke da littafin da ta ke rubuta ranar da aka share indararo, da ranar da aka duba rufi, da ɗan abin da ta ke ajiyewa kowane wata, ita masu asusu su kan fi amincewa da ita in babbar bukata ta taso, domin sun ga alamar kuɗinsu ba zai bi ruwa ba.

Mu ma nan maganar ba ta yi mana nisa ba. A Wusasa, kusa da Zariya, akwai majami'ar St. Bartholomew wadda aka gina da ƙasa a 1929 bisa fasalin ginin Hausa, tana cikin tsofaffin majami'un ƙasar Hausa. Ginin ƙasa kuwa ya fi na dutse bukatar kulawa, shi ya sa iyayenmu ba su barin damina ta faɗi ba su yi yaɓe sun gyara indararo ba. Ba mu manta ba kuma da abin da ya faru a watan Agusta, 2023, sa'ad da wani sashe na tsohon Masallacin Jumma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ya rufta ana cikin salla, aka yi hasarar rayuka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya kamata hukumomi da shugabannin addini su ƙidaya tsofaffin ɗakunan ibadarmu, na Kirista da na Musulmi, a sa masana su riƙa duba su a kan lokaci, a kuma ware musu ɗan abin gyara kowace shekara tun kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da magabata suka bar mana.